Bahon Toka

Sau uku ke nan cikin mako guda.
Ran Litinin a bayan ƙofa,
ran Laraba gefen buhun shinkafa,
yau kuma, wa'iyazu billahi,
taki ɗaya ya rage tsakaninta da dardumata.

Na ɗaga tsintsiya.
Ta zuba mini idanun nan masu ruwan zuma,
ko motsi ba ta yi ba.
Mage mai laifi gudu take yi.
Na mayar da tsintsiya gindin bango.

Shekara goma sha ɗaya Toka ba ta taɓa saɓa wa bahonta ba.
Suwaiba ce ta tsinto ta ƙarƙashin gadar Kawo,
cikin kwalin taliya, ruwan Agusta ya jiƙa ta sharkaf.
Yanzu Suwaiba na Zariya tana koyon aikin ungozoma,
ta bar mini mage, ta bar mini lambar waya.

Malam Tanimu ya ce ƙoshi ne ya yi mata yawa.
Matarsa ta ce a'a, turo ta aka yi,
in nemi hayaƙi tun da wuri.
Ni kuwa na zauna ina lissafi
irin wanda na koya a masaƙar Kakuri:
in zare ya tsinke ba a zagin zare,
inji ake buɗewa.

To me na sauya?
Yashin kogi ya ƙare, mai tifa ya ƙara kuɗi,
na ɗebo mai tsakuwa a kangon maƙwabta.
Na janye bahon daga lungun rijiya
na kai shi kusa da janareto,
wannan da ke fashewa da tari duk sa'ad da aka ɗauke wuta.
Kwana uku kuma, tsakanina da Allah,
ban kwashe ba.
Wa zai tsuguna inda ba ya iya numfashi?
Ga wani baƙin muzuru mai yagaggen kunne
da ya mai da katangarmu titin ubansa,
kullum sai ya fesa wa taga warinsa ya wuce.

Na gyara abin da zan iya. Ba ta daina ba.

Na sa ta a kwando, muka hau napep zuwa Unguwar Rimi.
Dakta Zigwai ta latsa mararta a hankali,
Toka ta saki wata ƙara da ban taɓa ji ba.
"Baba, fitsarin ne ke mata zafi.
Inda duk ta ji zafin, gani take wurin ne ya cije ta,
sai ta nemi wani, mai sanyi ko mai laushi.
Ga gwiwoyi sun tsufa.
Bakin bahon nan, a wurinta, katanga ne."

Na yi shiru.
Ni da ke tashi sau huɗu kafin asalatu,
ina dafa bango, ina laluben buta,
wani daren ma ban kai ba.
Na wanke wandon da kaina kafin gari ya waye,
ban gaya wa kowa ba.

Da yamma na gasa wuƙa a murhu,
na yanke gefe ɗaya na bahon,
ya zama ƙofa.
Na sayi yashin kogi, kuɗinsa da ciwo, na biya.
Na cusa ƙwayar maganin cikin tsokar kifi,
ta cinye kifin, ta tofo ƙwayar,
muka sake.

Ƙarfe uku na dare muka haɗu a tsakar gida,
ni da buta, ita da ɗingishinta.
Na ji ƙafarta na tona yashi,
sannan na ji tana rufewa,
a natse, kamar mai binne sirri.

Da safe Suwaiba ta kira.
"Ya Toka?"
Na ce da sauƙi, ashe ba ta da lafiya ne, mu muna ta zarginta.
"Kai fa, Baba?"

Na dubi magen, tana lasar hannu a bakin rijiya.
Na ce, gobe in Allah ya kai mu
zan je in yanki kati.