Jan Biro a Tana Beru

Takarda talatin da huɗu a kan teburina,
fanka na ɗaga gefensu kamar za su tashi.
Shayin da Hasnawati ta ajiye ya huce tun la'asar.
Daga bakin teku ana jiyo guduma,
masassaƙa na haɗa cikin wani sabon jirgin ruwa,
ni kuwa ga ni da jan biro, ina awon Turancin yara.

Ma'aunin da aka aiko mana gida huɗu gare shi:
nahawu, yawan kalmomi, tsarin sakin layi,
sai ma'ana can ƙarshe, da ɗan makinta,
kamar gishirin da aka tuna bayan an sauke tukunya.

Na ce su rubuta aikin da ake yi a gidansu.

Irwansyah ya cika shafi biyu ba tuntuɓe,
waƙafi a mazauninsa, aya a mazauninta.
Wai babansa na share ƙanƙara a ƙofar gida kowace safiya.
Yaron da bai taɓa sa rigar sanyi ba!
Na san wayar da ta haifi wannan Turanci.
Kayan aro ba ya rufe katara,
amma ma'aunin bai bar gurbin tambayar mai kaya ba.

Baharuddin layi biyar ya yi, uku farashin kifi ne,
rubutun kamar sawun ƙaguwa a kan rairayi.
Kalma ɗaya ya rubuta ta iri uku,
ko Allah zai sa ɗaya ta dace.
Ta biyun ta dace. Na ba shi abinsa.

Sai takardar Rosdiana.

Da "bara" ta buɗe, daga nan ta saki hanya.
Turanci na so a ɗaura wa aikatau wutsiya in abu ya wuce,
ita ko ta bar su duka gundul.
"Babana yana shafa katako da tafin hannu kafin ya sara.
Yana maƙale fensir a bayan kunne, ya yi ta nemansa.
Yana cewa jirgi daga fata ake fara shi, ƙashi sai daga baya."
Na zagaye na farko, na zagaye na biyu,
hannu ya saba, ba ya jiran zuciya.
Sha ɗaya na ƙirga, jajaye, kamar an yi wa shafin ƙaho.

Daeng Rapi.
Ina cikin sahu na biyu ranar da aka sallace shi,
bayan gungumen da ya kuɓuce wa igiya.

Na ce yarinya ba ta gane darasin ba ne, sai na maimaita.
Sannan idona ya sauka kan layin ƙarshe:
"Mun sayar da gizagonsa a watan Sha'aban."
Ga wutsiya nan daram, ba kuskure ko na ɗigo,
har da aikatau mai taurin kai, wanda rabin aji ke faɗuwa a kansa.

Ashe ta sani.
Gizago ta yarda ya wuce, mai gizagon ne ta hana.

To, nawa zan ba ta?
Wanda zai duba jarrabawarta a birni bai san Daeng Rapi ba,
zai ƙirga sha ɗaya, ya zare sha ɗaya, ya jawo ta gaba,
kuma ba zan ce ya yi zalunci ba.
In na ƙyale, na cuce ta.
In na gyara, ni zan sa ta binne shi da hannunta,
kalma bayan kalma, da shuɗin biro.

Jan tawada ba ta gogewa, na gwada da yawu.

A gefen shafi na rubuta: "Ki same ni bayan darasi."
Gidan nahawu na bar shi fari.
Hasnawati ta leƙo, ta ce ko a ɗumama shayin.
Gudumar bakin teku ta yi shiru, an kira magariba,
saura takarda goma sha tara,
kuma har yanzu ban san me zan ce mata gobe ba.