Ƙaura a Barnawa

Tun Afirilu kwamfutata ke haki,
fankarta na ƙugi kamar janareton maƙwabci.
Kafin in gama zanen gida ɗaya
ta suma.

Tanimu ya ce akwatin ne:
kamfani ya ɗinka mata riga ba tsaga.
Ya shimfiɗa jarida a benci,
ya tara noti a murfin gorar zoɓo.

Waya ɗaya ta ƙi kaiwa.
Muka yi la'asar, muka dawo mata.

Da ya danna, shiru.
Gabana ya faɗi.
Na kai tafin hannu bayan sabon akwatin,
ashe numfashi take, salin-alin.

Noti biyu suka rage.
Tanimu ya jefa su aljihu,
bai ce komai ba.