Mai Buga wa Malam Barau

Shekara goma sha tara ina buga masa rubutu
a shagona na Tudun Wada, jikin mai gyaran agogo.
Tafiretata ba ta san ƙa ba, ba ta san ɗa ba,
sai in bi da biro ina yi wa haruffa ƙugiya.
Yakan ce, "Haladu, kar ka tsallake ko ɗaya,
baƙi da baki ba ɗaya ba ne,
kuma duka biyun na garin nan ne."

Malam Barau na Kwarbai.
Bai iya doguwar gaisuwa ba,
bai taɓa biyana a kan lokaci ba.

Wasan da ya jawo masa jifa, ni na buga shi:
ganuwa ce ta kai ƙarar Zazzagawa gaban alƙali,
wai sun ɗebe ta kwano-kwano sun yi tubali,
sannan suna rantsuwa da ita a gaban baƙi.
Daren da aka nuna shi a Samaru
takalmi ya fi tafi yawa.
Wani dattijo ya tashi yana kakkarwa,
ya ce ɗan da ke nuna tsiraicin gida ba ɗa ba ne.
Washegari na ga dattijon a layin tikiti.

Suka ce ya tsani garin.
Ni kuwa na ga mutumin da aka ba aiki a Kaduna
ya dawo bayan kwana tara,
wai can ba wanda ya isa ya ɓata masa rai yadda yake so.

Littafinsa na ƙarshe shafi ɗari uku ne babu sakin layi.
Na ce, "Malam, mai karatu zai shaƙe."
Ya ce, "To ni fa?"

Yanzu ya kwanta bayan Ƙofar Gayan,
masu jifan sun kafa kwamitin tunawa da shi,
sun aiko a tambaye ni ko yana da kalamai masu daɗi.
Na duba akwati.
Na sami rasit na bashin da bai biya ba,
da shafi guda da ya hana ni bugawa:
sunayen unguwanni ne kawai, ɗaya bayan ɗaya,
Jushi, Limanci, Anguwan Juma, Magajiya,
bai zagi ko ɗaya ba.

Ban ba su ba.
Na dai ɗauko biro, na duba ko akwai ƙugiyar da ta ɓace.