Shafi na Goma Sha Huɗu

Shekara arba'in da shida ina dariya a bayan tafin hannuna.
In kana musu, duba hotunan bikina:
kowa ya saki baki, ni na ɗinke nawa
kamar wadda ta ɓoye kwabo a kumatu.
Fiƙata ta hagu ta haye maƙwabcinta tun ina aji huɗu.
Babana, direban tirela, ya leƙa ya ce,
"Loretta, suna tauna? To, sun yi aikinsu."

Yanzu a Toledo nake, a masana'antar kwalabe.
Aikina in tsaya, su wuce ta gabana dubu-dubu,
duk wadda bakinta ya karkace in tsame ta gefe.
Shekara goma sha tara ke nan.
Ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a wannan sai ni,
ni kuwa na faɗa maka inda nake ajiye dariyata.

Duk Nuwamba Yolanda ta ofishin ma'aikata
takan rabo mana littafin inshora, mai kaurin bulo.
Na haddace shafi na goma sha huɗu:
ƙarfen gyaran haƙori, na 'ya'yan ma'aikaci ne
waɗanda ba su cika sha tara ba.
Da shi aka miƙe haƙoran 'yata Renata.
Ni na kai ta, ni na zauna a kujerar jira
ina karanta mujallar da ta girme ta.
Na babba kuwa, suka ce ado ne.
Ado!
Kamar harshena bai san inda yake yankewa kullum ba.

Bara sai ga layi ɗaya ya sauya.
Sai da na sa tabarau na bi shi da farce:
har da manya.
Rabin kuɗi, amma kada ya wuce dala dubu da ɗari biyar
a tsawon rayuwa.
Ashe sun auna rayuwata, ga abin da ta kama.
Kuma sai an jira wata goma sha biyu.
Wadda ta jira arba'in da shida ake wa barazana da sha biyu?

Likita Abernathy ya haska fitila, ya ƙwanƙwasa, ya rubuta:
dubu biyar da ɗari takwas.
Na yi lissafi a bayan rasiɗin cefane,
na cire sabuwar taya, na cire ziyarar ƙanwata a Duluth,
na sa hannu.

Makon farko romo da dankalin da aka dame kawai na sha.
Dasashi na zugi, leɓe ya sale,
na kwana ina jin haƙora na ƙaura
kamar masu haya da aka ba wa wa'adi.

Abin da Yolanda ta raɗa mini daga baya shi ne:
ba sa biya gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, duk wata uku,
muddin sunana na cikin takardar albashi.
Ga shi ana ƙishin-ƙishin za a rufe layi na uku kafin bazara.
To, ka ji.
Waya ɗaya ce, ta zagaye turamena,
ta fita ta ƙofa, ta bi titi,
ta ɗaure a jikin bututun hayaƙin kamfani.
In ya faɗi, a bakina zan fara ji.

Jiya da dare, wajen ƙarfe uku,
Dwayne ya zame a kan ruwa, ya zauna daɓas,
yana riƙe da kofin shayinsa ko ɗigo bai zube ba.
Na tuntsire.
Ƙarfe ya ƙyalla a ƙarƙashin fitilun rufi, kowa ya gani.
Sai da na gama share hawaye na lura
hannayena biyu suna kan kwalabe,
babu wanda ya tashi.