Kwalin da Gara Ta Ci Sunayensa

Jaka uku na saye shi a Kasuwar Dole,
kwalin sabulu maƙil da kaset,
hannun wani yaro da ya gaji shagon ubansa
bai gaji haƙurin uban ba.
Gara ta riga ni zuwa:
ta cinye sunaye, ta bar mini mutanen ciki.

Daren Laraba, in kuran bai yi yaji ba,
Mushe Kyari kan taso daga Birni
da littafin maki da jan biro.
Shekara talatin yana auna ’ya’yan mutane a lakwal,
yanzu ya koma kan ’yan wasan da ƙasa ta rufe.
Ni ke goge wa bidiyo ido da ƙyallen ɗinki.
Falmata ta ce ba ruwanta,
amma a bakin ƙofa take tsintar shinkafa.

Na farko, kaboyi ne mara sa’a.
Bindigarsa ba ta ƙare harsashi,
hularsa ba ta san faɗuwa ba.
Mushe ya ba shi bakwai cikin ashirin,
ya ƙara wa dokin biyu,
don shi kaɗai ne bai yi ƙarya ba.

Sai na Indiya, baƙi da fari.
Ruwan sama na zuba kamar da bakin ƙwarya,
mutum biyu na rawa cikinsa, ko tulu ba su tara ba.
Falmata ta ja tsaki:
ran nan tun asuba take jiran mai garuwa.

Akwai na dodo.
Na hango bakin zip a ƙeyar dodon,
ɗinkin ma na koyo ne, an ja zare ya tattare.
Dariya har shayi ya sarƙe ni.
Amma da na raka Mushe, muka biyo gindin duwatsu,
ba wanda ya ce uffan,
kowa ya ƙara sauri.

Wani kuwa ba faɗa, ba waƙa, ba gudu.
Tsohuwa ce ke jiran jirgin ƙasa cikin sanyi,
tana ɓare dafaffen ƙwai,
tana magana da harshen da ba mu ji.
Ni na yi gyangyaɗi.
Na farka na tarar Mushe ya tuɓe tabarau,
shafin ranar fari fat.
Na ce, nawa?
Ya ce, wannan ita ta auna ni.

Na ƙarshen kwali, na ɗan sanda ne.
An kashe mai gida, baƙi shida a falo,
ɗan sanda ya ɗaga yatsa zai nuna,
sai hoto ya yi tsalle, ya yi yayyafi,
ga mu tsakar wani gida, ranar suna.
Wani ya naɗe bikinsa a kan gawar bature.

Ƙofar gidan irin ta Zango ce.
Ga rago a ɗaure, ga wanzami na wasa aska,
mai ɗauka hannunsa na rawa,
ya yanke kawunan rabin dangi.
Wata mai kallabi ruwan goro ta juyo,
ta ga ana ɗaukarta,
ta rufe baki da tafi, dariyar ta ɓullo ta ido.

Falmata ta ajiye faifai, ta shigo har ciki.
Ta ce, wannan zanen an daina yayinsa
tun kafin a haifi Gambo.
Jinjirin yanzu ya isa tuƙa moto.

Har yau ba mu san wa ya kashe mai gida ba.
Ni ina zargin kuku.
Mushe ya rubuta sha tara,
ya ce ya riƙe guda
saboda ba a faɗi sunan yaron da ƙarfi ba.

Laraba mai zuwa za mu mai da shi baya,
mu ƙure murya.