Awon Ɓaure

Ƙarfe goma na rufe littafin ciniki,
na buɗe na jarrabawa.
Jiragen ƙasa biyu sun taso daga garuruwa biyu,
wai in faɗi inda za su gamu.
Ni da nake ƙirga albashin mutum arba'in da ka,
ga ni ina cizon biro
a kan jiragen da ba su ɗauko kayan kowa ba.

Nan Nazilli ne, watan Agusta.
Ɓaure na shan rana a shimfiɗe,
ƙamshinsa ya biyo ni har ofis,
ya manne wa takardun makarantu uku
da na ɓoye ƙarƙashin rasidin wuta.

Ta Istanbul ba ta da tsada sosai,
duk ƙarshen wata sai in zo in leƙa sito.
Ta biyu tana hayin teku, shekara guda,
kuɗinta girbi biyu cur.
Ta ukun ba na kallonta da rana,
sai dare ya raba,
kamar mai leƙen gidan da ba a gayyace shi ba.

Suka ce: ba mu labarin ranar da kika kasa,
kalma ɗari biyar, kada ki zarce.
Na tsara musu mai daɗi, na goge shi har yana sheƙi,
na kai wa Gulten, uwar masu tsinta,
wadda ta shekara talatin tana karatun ɓaure da yatsu.
Na karanta mata. Ba ta ɗago ba.
Ta zaɓo ɗaya mai kyan fata, ta tsaga da farce,
ta nuna mini ƙwarin da ke ciki.
"Shi ma haka ya zo," in ji ta.

Sai na koma na rubuta ɗaya labarin:
kwantenar da aka dawo mana da ita daga Hamburg,
hunhuna ta cinye kwalayen ƙasa,
sa hannun da ke takardar kuwa nawa ne.
Kuɗin gwaji na hana, ina ganin tattali nake,
tattalin da ya haɗiye gonar kakana ta gabas.
Baba bai taɓa tada zancen ba.
Shekara huɗu ina jiran faɗan
da har yau bai zo ba.

Saura wasiƙar shaida daga maigidan aiki,
da sharaɗin kada ya zama dangi.
To, ni maigidan aikina
shi ya raɗa mini suna a kunne.
Na kira Orhun, dillalinmu na Izmir,
ya ce zai rubuta har shafi biyu,
amma bari ya fara gaisawa da Rustem.
Na ajiye waya, hannuna ya yi sanyi.

Da safe na iske Baba a bakin sikeli.
Bai dube ni ba, allura yake dubawa.
"Nergis, ni nake biyan kuɗin wuta,
tun Yuli nake ɗaga rasidin nan ina mayarwa.
Wadda kike kallo da dare,
tan nawa ce?"
Na faɗa. Ya yi shiru har aka sauke buhu uku.
"In sun ɗauke ki, ki tambayar mini su:
mu da shuka, mu da shanya, mu da ciwon baya,
ya aka yi mai jerawa a kanti
ya ninka mu sau shida?"

Wata biyu ke nan layin nan yana fili,
inda suka ce me ya kawo ki.
Na cike shi da bakin Baba, ban gyara komai ba.

Jarrabawa ranar Asabar ce, a Izmir.
Jirgin asuba zan shiga,
Gulten ta ƙulle mini ɓaure bakwai, ta tsaga kowanne ta duba.
Waɗancan jiragen biyu har yanzu ba su gamu ba.
Na sake fiƙe fensir.