Ganga Biyu

Gonar kakata Hiltrud a tsaye take, ba a kwance ba.
Kurangar inabi ta kafe farce a baƙin dutse
kamar mai tsoron faɗawa kwari.
Can ƙasa kogin Ahr na wucewa,
bai taɓa tambayar kowa labari.

A nan rana baƙuwa ce.
Ta leƙo da hantsi, ta gaisa a tsaitsaye,
kafin a kawo mata kujera
ta shige bayan hadari.

Daren Afrilu ta buga mini waya:
"Jost, sama ta yi wasai, taurari sun yi yawa. Taho."
Na bar Kolon da takalmin ofis.
Muka jera kyandirori tsakanin kunyoyi,
ni da ita da maƙwabcinta Wendelin mai tari,
ɗari uku muka kunna
don mu kori ɗari.

Da asuba ta bi layi tana taɓa toho.
Na ƙasa sun yi baƙi, sun langaɓe.
Ba ta yi kuka ba. Ta fyace hanci,
ta ce a ɗora ruwan kofi,
na sama ma suna jiran tsari.

Oktoba muka tsinka, yatsu sun ƙage,
kwando a baya, gwiwa na ƙara.
Abin da shekara ta bari
ganga biyu ne a ɗakin ƙasa,
kusa da keken marigayi Eckhard
da har yau ba ta yarda a ɗaga daga wuri.

Wata goma sha takwas tana sauka da fitila,
ta kara kunne jikin katako
kamar mai sauraron numfashin jinjiri.

Sai ga dillali da mota mai sheƙi.
Ya ɗaga kofi, ya hango yatsansa ta ciki.
"Jan bai kai ba," in ji shi, "ga tsami.
A gauraya da na ƙasashen rana, ya yi jiki,
in saye duka, kuɗi a wuri."

Kaka ta karɓi kofin, ta shaƙa.
Ni ma na shaƙa: ɗanyen ceri,
ganyen da ya kwana a laima,
da wani abu can baya, siriri,
mai kama da hayaƙin kyandir,
ko da yake ta ce wannan a kaina yake.
"Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa," ta ce masa.
"Wannan ya sha sanyi, ya faɗi gaskiya.
Gangara a hankali, hanyar da santsi.
A gai da gari."

Kwalba ɗari shida, babu biyu da suka fashe.
Da hannu take rubuta shekarar,
bakwai ɗinta kamar ƙugiya.
Ta farko ta naɗe a tsohuwar jarida,
ta miƙo mini: "Kai wa Wendelin.
Ka ce kyandir arba'in da ya ranta mana
yana nan a rubuce. Ya ƙara haƙuri."